Gurbin Batul a Hoton Sallah

"Ku dubi zakaran nan da kyau," in ji Suhail, "don yanzu za ku neme shi ku rasa."

Ya ɗora yatsa a fuskar wayar, ya zagaye zakaran da ya kutso cikin hoton da suka ɗauka ranar Babbar Sallah. Wani ɗan haske ya gilma. Zakara ya ɓace, shi da inuwarsa, sai daɓen tsakar gida fes kamar yanzu aka share shi.

Maryam, autar gidan, ta dafe ƙirji ta yi salati. Yayarta Batul kuwa ta warce wayar ta kai ta dab da hancinta, yadda take yi wa duk abin da take son gani, idanunta na rawa, tana dariya har da hawaye.

"Yaya, ina ka kai shi? Zakaran Umma ne fa, maza ka dawo da shi!"

"Idan aka ajiye hoton, ya tafi ke nan," ya ce yana hura hanci, sai ka ce shi ya ƙera wayar.

Ranar Juma'a ce, bayan saukowa daga masallaci. Suhail ya zo hutun ƙarshen mako daga Kaduna inda yake aikin gwamnati, ya taho da labarin sabon tsarin da aka sauko wa wayoyi da shi. Wai yanzu waya tana rubuta abin da mutum ya faɗa, tana fassara Larabci, tana taƙaita dogon saƙo ga malalacin karatu, tana kuma goge duk abin da ya ɓata hoto. Bai bar wayar kowa ba a gidan, har ta mahaifiyarsu Hajiya Rabi sai da ya sabunta.

Rabi tana gefe tana tsintar shinkafa. Ta taɓe baki.

"Waya ta iya goge zakara, amma ba ta iya tuna wa mutum ya kira uwarsa ranar Laraba ba."

Suka kwashe da dariya. Ita ma ta murmusa, idonta a kan Batul. Shekara ashirin da biyu ke nan idonta bai bar kan yarinyar ba. Zabiya ce, fara sol, gashinta kamar zaren auduga. Ranar da aka haife ta a wannan gida na Ƙofar Kuyambana, Gwaggo Sakinatu ƙanwar maigidan ta leƙa zani ta ce, "Mu dai a danginmu babu irin wannan." Marigayi Malam Garba, mahaifinsu, ya miƙe. Ya ɗauki jaririyar ya kai ta zaure tsakiyar ɗalibansa, ya ce su yi wa 'yarsa addu'a. Bayan rasuwarsa, faɗan ya koma hannun Rabi ita kaɗai. Ta yi da yaran lungu masu bin yarinyar da waƙa, ta yi da malamar da ta ajiye ta a bencin baya alhali ba ta ganin allo, ta yi da matan biki masu janye kwano idan ta sa hannu. A Kuyambana kowa ya san ba a taɓa Batul a kwana lafiya.

* * *

Bayan mako biyu aka yi baƙuwa daga Kaduna, Hajiya Radiya, gwaggon Ihsan, yarinyar da Suhail ke nema. An ce gaisuwa ta zo, amma duk wanda ya taɓa aurar da ɗa ya san irin wannan gaisuwar. Kafin a karɓi maganar aure sai an turo babbar mace mai ido ta ga gida, ta ga mutanensa, ta shinshina asali.

Da sassafe Gwaggo Sakinatu ta bugo waya, wai a tura mata Batul Ƙofar Doka ta taya ta murza dubulan na baƙi. Rabi ba ta kawo komai a ranta ba. Ta shafa wa yarinyar man rana, ta miƙa mata lema, ta ce ta bi inuwar katanga.

Baƙuwa ta ci, ta sha, ta yaba turaren wuta, ta yaba littattafan marigayi da ke jere a kanta. Sannan ta gyara mayafi ta shiga abin da ya kawo ta.

"Hajiya, gaskiya mun gamsu. Mun yi magana da ƙanwar marigayi, ta ba mu labarin gida tas. Gidan malamai, jini mai tsabta, ba tabo. Kin san mu, abin da ke bin jini shi muke tsoro, saboda jikoki. Allah Ya ba ki biyu rak, amma masu albarka."

Rabi ta ɗago kai. "Biyu?"

"Suhail da wannan 'yar kyakkyawar." Ta nuna Maryam da baki, ta zaro waya daga jaka. "Ai tun da ya turo wa Ihsan hoton nan nake cewa, kai, wannan uwa ta iya haihuwa."

Hoton Babbar Sallah ne. Ga Rabi a kujera, ga Suhail tsaye a bayanta da hularsa, ga Maryam a hagu. A dama, inda Batul ta durƙusa cikin shuɗin leshi ta jingina da gwiwar uwarta, babu kowa. Tabarma ce ta ci gaba da tafiya har bango. Wayar har saƙar tabarmar ta ƙirƙiro, layi ja, layi kore, ba kuskure ko ɗaya.

Rabi ta ƙura wa gurbin ido. Kunnuwanta suka ɗauki zafi. Ga maganar nan a kan harshenta, kalma huɗu ce kacal: ina da wata 'ya. Amma ga baƙuwa a kan tabarmarta, ga auren ɗanta a tafin hannun matar, ga kunyar surukai da aka raine ta a kai tun tana 'yar mitsitsiya. Matar da ta taɓa tsayar da makaranta guda a kan bencin baya, sai ga ta tana miƙa waya da hannu biyu.

"Allah Ya sa albarka," ta ce.

Ta raka baƙuwa har bakin zaure, ta dawo ta zauna. Ba ta taɓa jin ƙyamar kanta irin ta wannan rana ba.

* * *

Bayan la'asar Suhail ya shigo da fara'arsa, ledar lemo a hannu. Tun a hanya Ihsan ta shaida masa gwaggonta ta dawo tana ta yabo.

"Umma, an ce kin yi..."

"Suhail!"

Ledar ta kusa suɓuce masa. Ɗan fari ne. Tun da ta haife shi sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba, saboda kara. Kullum "kai" ne, ko "yayansu". Yau ta kira shi gatsal, kamar mai kiran ɓarawo a kasuwa.

"'Ya'ya nawa na haifa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Da kai nake! Ni na yi naƙudar, amma wataƙila na manta. Wayarka ta fi ni sani. Nawa ne?"

"Umma, ki tsaya ki ji. Na ɗan lokaci ne."

"Zakara ka goge muka yi dariya. Ashe gwaji kake yi! Ashe hannu kake koyo a kan kaza kafin ka kai ga 'yar'uwarka!"

"Kin manta abin da ya faru a gidan su Ibtisam?" Shi ma ransa ya ɓaci. "An kai kaya, an sa rana, kakarta ta zo ta ga Batul sau ɗaya, washegari suka dawo mana da akwatuna a bayan a-kori-kura, unguwa na kallo. Shekarata talatin da huɗu, Umma. Na san ba cuta ba ce, ba a ɗauka, ba laifin kowa ba ne. Ni na sani, ke kin sani. Su ba su sani ba, kuma ba ni zan gyara duniya ba. A ɗaura auren tukuna, in ya so su gan ta."

"Ranar biki fa? A randa za ka saka ta ka rufe?"

Ya sosa ƙeya. "Gwaggo ta ce za ta zauna a wurinta kwana uku."

To, ashe an gama shiri. Ashe dubulan ɗin safe ma na cikin shirin. Shekara ashirin da biyu Sakinatu na neman hanyar fitar da yarinyar nan daga dangi, sai yau ta sami yatsan da zai yi mata aikin, kuma a cikin 'ya'yan Rabi ta same shi.

"Lokacin da taifot ya kwantar da kai wata guda, wa ya zauna a kanka yana yi maka fifita? Gwaggo ce? Wa ke wanke maka hula idan ka zo? Yarinyar da ko gani sosai ba ta yi, ita ke laluben dattin hularka da yatsa. Ubanku ya shiga da ita gaban ɗalibansa yana alfahari, kai ka fitar da ita saboda 'yan Kaduna kada su ɓata fuska. Tir da wannan ilimi naka, wallahi tir!"

Suhail ya ɗago jajayen idanu.

"Ai ke ma an nuna miki hoton, Umma. Me kika ce?"

Maganar ta same ta inda ba ta da kariya. Ta kau da idonta daga nasa.

A daidai lokacin ne suka ji motsi. Batul ce tsaye a ƙofar zaure, lema a naɗe a hammata, samirar dubulan a hannu. Babu wanda ya san tun yaushe take wurin. Rana ta gasa mata kumatu sun yi jawur.

"Salamu alaikum," ta ce a hankali. "Gwaggo ta ce a kawo wa baƙi. Sun tafi ko?"

Ta ajiye samirar a gindin rijiya, ta gaishe da yayanta kamar kullum, har da ɗan rusunawa. Sannan ta juyo wajen uwarta.

"Umma, an kawo wuta. Kawo wayarki in sa miki caji."

* * *

Rabi ta idar da sallar asuba da shawararta a yanke. Gari na wayewa ta leƙa ɗakin 'yan matan.

"Batul, tashi ki shirya. Kaduna za mu. Da ƙafarki za ki shiga gidan nan, su gan ki, in sun fasa su fasa."

Batul tana zaune a bakin gado tana ninke kaya. Ba ta ɗago ba.

"Yau za a yi rana, Umma, fatata ba za ta ɗauka ba. Ki bar Yaya ya yi aurensa. Ni ba komai."

Wannan "ba komai" ya fi zagi ciwo. Rabi ta yi lallashi, ta yi faɗa, yarinya ta ƙi motsi. Sai Rabi ta figi mayafi, ta cire wayarta daga caji, ta fita ita kaɗai. Suhail ya biyo ta lungu yana "Umma, don Allah," ko waiwaye ba ta yi ba. Ta hau mota a Ƙofar Doka, tun daga nan har Kaduna tana tauna maganar da za ta faɗa.

Hajiya Radiya ta tarbe ta da mamaki a wani falo mai sanyi. Rabi ba ta taɓa ruwan da aka kawo ba, gaisuwar ma a taƙaice ta yi.

"Hajiya, jiya na yi miki ƙarya da shiruna, shi na zo gyarawa. 'Ya'yana uku ne. Akwai Batul, tsakanin Suhail da Maryam. Zabiya ce. Ni na haife ta, kuma duk cikinsu babu wanda ya kai ta. In jininmu bai yi muku ba, ku faɗa yanzu. Bari ki gan ta."

Ta buɗe ma'ajiyar hotunan wayarta. Ta san inda suke, don ta fi ɗaukar Batul a kan kowa.

Hoton farko, ranar sunan jikan maƙwabta: mata a jere, da gurbi a tsakiya. Ta wuce. Na biyu, a kicin: tukunya a kan wuta, muciya a jingine, ba mai tuƙi. Ta wuce da sauri. Na asibitin ido, kujera ce kawai. Na ƙaramar Sallah, Maryam ce ke dariya ta rungumo iska. Rabi ta dinga ja da yatsa, tana ja, tana ja. Ashe a daren jiya, da sunan caji, ɗaya bayan ɗaya yarinyar ta bi su, da hancinta a manne da gilashi, ta zagaye kanta ta ajiye. Ko ɗaya ba ta tsallake ba.

"Hajiya, wacce ce a ciki?" Radiya ta tambaya, ta matso tana gyara tabarau.

Yatsan Rabi ya tsaya a kan na ƙarshe. Na bara ne, ranar da Batul ta sauke Alƙur'ani, bayan shekarun da ta yi tana bin baƙi ɗaya-ɗaya da idon da ba ya tsayawa wuri guda. Ga malamai a zaune, ga ɗalibai a tsaye. Yarinyar ta goge fuskarta, ta goge hijabinta, ta goge hannayenta. Allon zayyana ne kawai ta kasa taɓawa, saboda akwai ayoyi a jikinsa.

"Ga ta nan," in ji Rabi, muryarta a dushe.

Allon yana tsaye shi kaɗai a iska, daidai tsayin ƙirjinta.