Gwangwanin Jibirilla

"Ku ajiye akwatin nan," in ji Baba Maiwada daga kan matakala.

Sha'aban da Saidou sun riga sun fito da shi tsakar gida, kowa riƙe da hannu ɗaya, gumi na tsiyaya. Akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo biyu, na Jibirilla, wanda Allah ya yi wa rasuwa ranar Litinin a wurin aikinsa na walda, can Birnin Masana'antu na Biyu. Zuciya ce, in ji likita. Ya sunkuya zai ɗauki ƙarfe, bai ɗago ba. Sai yau Alhamis takardun binnewa suka fito, za a yi masa salla bayan la'asar.

"Baba, ka bari mu wuce," in ji Sha'aban, yana haki. "Mandub, wakilin kamfaninsu, zai zo bayan azahar ya tattara kayansa. In ya buɗe ya ga abin da duk muka san yana ciki, 'yan sanda zai kira. Ba za su tsaya tambayar na wane ne ba. Gidan nan kaf za a kwashe, iƙamar kowa, takardar zamansa a ƙasar nan, ta tafi."

"To ina za ku kai shi?"

"Bola. Bayan unguwa."

Mutanen gidan duk sun firfito, wani da buta, wani da tawul a wuya, kowa na magana ba mai sauraren wani. Su goma sha ɗaya ne a tsohon gidan nan na gefen Nasiriya, 'yan Najeriya da 'yan Nijar masu neman abinci a ƙasar Larabawa, ɗaki uku, banɗaki ɗaya. Don gudun rigima kowa na da alamar da yake sa wa kayansa: Saidou ɗigon farin fenti, Baba Maiwada ƙullin zare, Sha'aban kuwa jan salatif yake naɗa wa komai, daga butarsa har cokalinsa har wayar cajinsa. Direban wani manaja ne a unguwar Ulaya, farar jallabiyarsa ba ta taɓa kwana da datti ba, kuma sahun gaba a masallaci ba ya wuce shi.

Jibirilla kuwa tun ranar da ya shigo gidan aka gama yanke masa hukunci. Ido ja wur, leɓe baƙi, magana a hankali kamar ana jawo ta daga rijiya. Ga ci, ga zaman saman soro shi kaɗai yana murmushi. Shi da bakinsa ya taɓa faɗa cewa ya sha wiwi shekara goma sha biyu a Damagaram, ya bari ranar da aka haifi 'yarsa Nazira. Rabin farko na maganar aka riƙe, aka zubar da sauran. Baba Maiwada da kansa, mai shekara ashirin da shida yana tuƙi a garin nan, wanda shi ke wanke duk Bahaushen da ya mutu a wannan shiyya, ya ce a gaban kowa mai shan abin nan ba ya bari, hutawa kawai yake yi. Shekara huɗu bai sa hannu a faranti ɗaya da Jibirilla ba.

Da safen nan mutum biyar sun riga sun ce suna da aiki bayan la'asar, ba za su sami jana'iza ba. Kuma da safen nan Biba, matar mamacin, ta kira Baba Maiwada daga Damagaram. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Baba, an ce kai ne babba a gidan. Maganganu suna iso mini. Ya yi mini rantsuwa kan 'yarmu. Ka gaya mini gaskiya kafin a sa shi a ƙasa, ya koma?" Ya ce mata zai kira. Bai san abin da zai faɗa ba.

Ya sauko ya tsaya a gaban akwatin.

"Wannan kayan marainiya ne. Ba a zubar da gado a bola ina raye. A gaban shaidu ake buɗe kayan mamaci, ga ku nan kun isa shaida. Saidou, mabuɗan da asibiti suka ba ka tare da agogonsa, kawo."

"Baba, mi za mu yi in mun tarar da abun?" in ji Saidou, yana ciro mabuɗan daga aljihu.

"Sai mu san abin da muka tarar. A rufe ƙofar waje."

Sha'aban ya sha gabansa. "Wallahi Baba kada ka buɗe. Ka ji tsoron Allah, muna da iyali."

"Shi ma yana da su. Matsa."

Aka yi cincirindo, ana leƙe ta kan kafaɗun juna. Kwaɗon farko ya buɗu, na biyu sai da aka buga shi da dutse. Baba Maiwada ya riƙa fitar da kaya yana jerawa kan tabarma. Atamfa turmi biyu a leda. Takalmin yarinya da ba a taɓa sawa ba. Tabaran walda da gilashinsa ya tsage, an ɗaure da waya. Kwalaben maganin ɗiga wa ido, wasu cike, wasu fanko, sun kai cikin tafin hannu biyu.

"Ashe wutar walda ce ke cin idon nan," wani ya faɗa daga baya, ƙasa-ƙasa.

A can ƙasa akwai gwangwanin madara babba, an danne murfinsa. Da aka ɗaga shi sai ya yi ƙara kwaram-kwaram.

"Shi ke nan," in ji Saidou. "Mun mutu."

Baba Maiwada ya sa mabuɗi ya ɓalle murfin, ya leƙa. Ba ganye, ba ƙulli. Laitoci ne, na kunna wuta, sun fi talatin.

"To ga shi nan ai," in ji ɗaya daga cikin masu aikin la'asar. "Mutumin da ba ya girki, me zai yi da wannan tarin in ba busa ba?"

Dattijon shi kaɗai ke ganin cikin gwangwanin sosai. Kowace laita an naɗa mata jan salatif a gindi. Hannu ya saba, har abin da ake ɓoyewa sai da ya sa wa alama.

Ya mayar da murfin. Shi mai wankan gawa ne, abin da ya gani ba ya fita bakinsa, haka aka koya masa. Amma in ya yi shiru, Biba za ta ji cewa an sami shaida a akwatin mijinta. Ya ɗaga kai ya dubi Sha'aban. Ya ci gaba da dubansa har surutun ya mutu, har kowa ya bi idonsa.

Sha'aban ya zauna daɓas a kan siminti da farar jallabiyarsa.

"Nawa ne," ya ce. "Duka nawa ne."

Ya sunkuyar da kai, ya ci gaba.

"Shekara uku da suka wuce ya kama ni ina busa a saman soro. Na ɗauka zai tona ni. Sai ya ce, 'Ɗan'uwa, na san hanyar nan, miƙo.' Ya kai ƙullin banɗaki ya zubar, ya riƙe laitar. Duk lokacin da na rantse na bari, sai in ba shi. In na koma, ba ya zagi, sai ya ce, 'To, kawo wannan ma.' Zaman da kuke gani yana yi a sama, ni yake tarewa. In kun ji wari a rigarsa, daga jikina ne. Ranar Lahadi na ba shi ƙulli na ƙarshe. Na zaci yana cikin akwatin."

"Kai da kake cewa a raba masa kofi?" in ji Saidou. "Kai, Sha'aban? Da za a ce in zaɓi mashayi a gidan nan, sai na zaɓi kaina kafin in zo kanka."

Wani ya yi dariya, ya haɗiye ta. Baba Maiwada ya miƙe.

"Maganar nan ta mutu a tsakar gidan nan. Wanda ya kai ta waje, ni da shi ne. Mai aiki bayan la'asar ya kira ubangidansa yanzu. Sha'aban, tashi ka wanke fuskarka, kai za ka zuba mini ruwa."

Nan gida ya kacame. Ana neman takalma, ana kiran waya, ana rigimar wa zai shiga motar wa. Mandub ya iso yana "yalla, yalla", ya leƙa akwatin, ya girgiza gwangwanin, ya tambaya ko sayarwa mamacin ke yi, ya ture shi gefe ya sa hannu a takarda.

A ɗakin wankan gawa na babban masallaci, Baba Maiwada ya naɗe hannunsa da ƙyalle ya fara da dama. Tafin Jibirilla duk kanta ne da tabon tartsatsi. Sha'aban na zuba ruwa. Da suka gama, kafin a kira salla, dattijon ya fita inuwa ya danna lambar Damagaram.

"Biba, 'yata. Bai koma ba. Ni shaida ne, kuma ni ne na zalunce shi. Ki gaya wa Nazira ubanta mutumin kirki ne."

Sai a lokacin ta yi kuka.

Su goma suka ɗauki makarar, ba wanda ya rage a gida.

Da suka dawo daga maƙabarta rana ta yi sanyi. Baba Maiwada ya hau saman soro, inda bai taɓa zama ba, ya sami bulon da Jibirilla ke zama a kai, ya ajiye gwangwanin kusa da ƙafarsa. Can ya ji taku a matakala. Sha'aban ne, da ƙurar kabari har gwiwa. Ya tsaya jim, ya sa hannu a aljihu, ya fito da laita mai jan salatif.

Dattijon ya buɗe murfin. Ta faɗa cikin 'yan'uwanta da ƙaramar ƙara. Ya matsa gefe, ya bar masa rabin bulon.