Masu Ɗaukar Gola

Yayana shi ne golan ƙungiyarmu, shekara goma sha bakwai yana tsaye a ragar nan. Burinsa ɗaya, ya buga ko da wasa guda a babban rukuni kafin ya ajiye, ga shi gwiwa ta ce bana ce ta ƙarshe. Kakar wasan ta yi mana kyau har muka kai wasan share fagen hawa.

A karawar farko magoya bayanmu suka jefi alƙalin wasa da takalma, har da wani mai sabon takalmi da ya bi bayan nasa cikin fili. Hukuma ta ce karawa ta biyu ba ɗan kallo ko ɗaya, sai ma'aikata.

Shugaban ƙungiya, wanda wayonsa ya fi hankalinsa yawa, ya duba doka ya ga ba ta faɗi adadin masu ɗaukar ɗan wasan da ya ji ciwo ba. Ya rubuta mu ɗari uku, har da ni. Gadon ɗauka biyu ne kacal, don haka kowa ya zo da abin da ya samu, wasu ƙyauren ɗaki, wasu tsani, tela ya zo da teburin yankansa.

Saura minti biyu muna gaba da ci ɗaya, Yaya ya kama ƙwallo ya kwanta yana riƙe da gwiwa. Duk mun san cinye lokaci yake yi, ya saba. Amma alƙali ya ɗaga hannu ya kira masu ɗauka, mu kuwa aikinmu ke nan.

Muka shiga gaba ɗaya. Aka hau dambe kan wa zai ɗauke shi, tsani ya kwashe ɗan gaban baƙi, wasu suka ɗauki alƙali bisa kuskure. Yaya ya dube ni daga kan ƙyaure.

"Ƙanena, ka ce su sauke ni. Minti biyu ne."

Ni ke riƙe da gefe guda, kuma ban sauke ba, har yau abin yana cina. Aka ba baƙi wasan, suka hau.

Sai da muka kai shi asibiti. Likita ya duba ya ce ƙalau yake, ya tafi gida. Yaya ya juya ya fuskanci bango, ya roƙe shi ya bar shi ya ɗan kwanta tukuna.