Alama a Gindin Batir

Sukurun ya shiga rabi ke nan, injin huda katakon ya yi wani ɗan kuka kamar na jinjirin akuya, ya mutu a hannun Auta. Ya sake dannawa. Shiru. Ƙofar kabad ɗin da yake ɗaurawa ta karkace, ta tsaya rataye da hinji ɗaya.

Ya zare batirin daga gindin injin, sai da ya sa ƙarfi, don kwanan nan ba ya fita da daɗi. Ya juya shi. Alamarsa tana nan, ɗan zane biyu da ya karta da ƙusa. To amma zane ai kowa na iya kartawa.

Ya ɗaga kai ya dubi ɗaya ɓangaren shagon. Mijin yayarsa Anti, wanda duk layin ke kira Malam Shiru saboda ƙarancin maganarsa, yana goge ƙafar tebur hankali kwance. Shi ya koya wa Auta sana'ar, shi ya ba shi rabin shagon da hannunsa ya faɗa. Injinan ma tare suka saya, iri ɗaya, launi ɗaya. Amma na Malam Shiru wuni yake yana aiki, na Auta kuwa kafin hantsi ya sume.

"Yaya, ɗazu na sa caji na tarar an zare. Wai wa ke cire min ne?"

"Ni ne," in ji Malam Shiru, bai ko ɗago ba. "Zafi yake yi."

"Ai duk batir yana zafi."

"Ba irin wannan ba. Ya kumbura. Tun da ya faɗo daga tsani bai koma daidai ba, kuma wannan cajar da ka sayo a bakin titi ba tasa ba ce. Kawo shi in kai wa masu karɓar matattu."

Ga Malam Shiru, wannan doguwar magana ce ƙwarai, kuma tsawon nata shi ya ƙara damun Auta. Mutumin da gaisuwa ma sai ya ga dama yake ƙarasawa, me ya sa bakinsa ke buɗewa in an zo kan batirin nan? Kuma me zai yi da mataccen abu, da har ya damu a ba shi?

Auta ya jefa batirin a aljihu ya fita shan iska. Mai walda, maƙwabcinsu, yana zaune a kan wata tsohuwar taya yana sosa kai da tsinken walda.

"Autan Anti! Ya na ga fuskarka kamar an ce ka biya kuɗin wutar layin nan duka?"

Auta ya nuna masa batirin. Mai walda ya jujjuya shi, ya kanne ido ɗaya.

"Ka ga notukan nan na baya? Kwancewa ake yi, a kwashe 'yan cikin masu rai, a zuba maka gajiyayyu, a mayar a ɗaure. Alamarka tana nan a waje tana gadin banza."

"Ana yin haka?"

"Me ba a yi? Ni dai ban ce kowa ba. Amma ka ji tsoron mutumin da ba ya magana, lokacin tunani ya yi masa yawa."

Ya kwashe da dariya, ya ja gilashinsa ya rufe fuska. Shi wasa yake yi, ko da rabin wasa. Auta kuwa ya tsaya yana duban notukan. Kamar an taɓa kan ɗaya daga cikinsu. Ko kuwa haka yake tun asali? Yanzu kumburin ma ya samu dalili: an cusa abin da ba nasa ba, shi ya sa bai zauna ba. Neman a kai shi wurin masu karɓar matattu ma ya samu dalili. In batirin ya tafi, shaida ta tafi.

Da rana ta take, Malam Shiru ya zagaya baya ɗauko katako. Auta ya yi sauri. Akwatin kayan aikinsa yana da rami a baya inda kulli ya fita daga jikin katakon. Ta nan ya zura wayar cajar, ya ajiye cajar a ciki, ya danna batirin a kai da ƙyar. Ɗan jan hasken ya kama, yana leƙowa ta tsagar murfi. Ya ɗauko tsumman da yake goge fenti ya lulluɓe, ya tura ɓawon katako a gefe-gefe don kada ya motsa, ya rufe, ya datse kwaɗo. Ragowar wayar ya binne ta cikin garin katakon da ke ƙasa har zuwa soket ɗin bayan allunan da aka jingine. Ya ja baya ya duba. Ko shi da ya yi ba ya ganin komai.

"Zan je sayo hinji," ya ce da Malam Shiru ya dawo.

"Ina batirin?"

"Yana wurina."

Malam Shiru ya dube shi, ya dubi aljihunsa, ya gyaɗa kai. Auta ya ji wannan kallon har cikin bas.

A cikin motar, tsakanin wata mata mai kwando da wani mai barci a kafaɗarsa, ya shirya komai. In ya dawo batirin ya cika tsaf kuma ya mutu da wuri, to magana ta fito, an taɓa cikinsa. Zai kwashe kayansa yau. Akwai wani lungu kusa da masu sayar da gilashi da aka ce babu kowa, can zai koma. Abin da ya rage shi ne yayarsa, wadda ta goya shi tun rasuwar mahaifiyarsu. Ya kira ta, ba ta ɗauka ba. Ya bar mata saƙon murya: "Anti, ki kira ni. Akwai maganar da nake so mu yi a kan Yaya." Ya tura.

Mai hinji ya ɓata masa lokaci, motar dawowa ta tsaya ɗaukar kaya a hanya. Da ya shigo layinsu, tun daga nesa ya hango ƙofar shagon a buɗe, ya hango bayan Malam Shiru a sunkuye kan akwatinsa, da ƙarfen cire ƙusa a hannu, yana ɓalle kwaɗon.

Abin kunya, daɗi Auta ya fara ji. Ya kama hannun mai walda da ke fitowa daga shagonsa.

"Zo ka gani da idonka! Zo ka zama shaida!" Ya ɗaga murya. "Yaya! Akwatina? Da rana tsaka?"

"Matsa," in ji Malam Shiru.

"Ba zan matsa ba. Yau sai ka faɗa min..."

A nan warin ya doki hancinsa. Ba warin katako ba, ba na fenti ba. Wani wari ne mai zaƙi-zaƙi mai hawa kai, kamar roba da magani suna ƙonewa tare. Ya ga an watsar da allunan jingine, an fisge wayar daga soket, garin katakon ya tone inda aka bi ta da hannu.

Kwaɗon ya ɓalle. Malam Shiru ya ɗaga murfin, farin hayaƙi ya turnuƙe. Tsumman fentin ya soma ci daga gefe. Ya sa hannu ya fisge shi ya wurga waje, ya ce, "Shebur!"

Mai walda, wanda dariyarsa ta ɗauke, ya ruga ya kawo. Malam Shiru ya kwashi batirin da cajar tare, ya miƙe hannu nesa da fuskarsa, ya wuce gwangwanayen fenti, ya wuce kabad ɗin mutane da katifar kujerun da aka kawo gyara, ya kai tsakar fili inda babu komai sai ƙasa, ya ajiye.

"Kowa ya ja baya."

Batirin ya yi huci. Ya tsage ta gefe, ya feso wuta da ƙara, ya lafa, ya sake fesowa. Mutanen layin suka taru nesa-nesa suna salati. Auta ya tsaya da ledar hinji a hannu, yana duban abin da ya kulle da kansa a cikin tsumma da ɓawon katako.

"A bar shi nan har ya huce," in ji Malam Shiru. "Kar wanda ya zuba shi a shara."

Ya koma ciki, ya kwashe ɓawon da ke cikin akwatin ya jiƙa shi da ruwa, sannan ya zauna a kan benci ya tsoma hannun damansa cikin bokiti. Yatsu sun yi ja, fata ta soma tashi.

"Ni fa da ma na faɗa," in ji mai walda daga bakin ƙofa, "batirin nan bai yi min kama da mai lafiya ba."

Ya ja da baya. Ya sulale.

Wayar Auta ta yi ƙara. Anti ce. Ya dubi Malam Shiru, Malam Shiru yana duban ruwan bokiti.

"Auta, na ji saƙonka. Wace magana ce a kan Yayan naka? Lafiya?"



"Ya ƙone a hannu, Anti. Ba sosai ba. Zan raka shi a duba masa, sai mu taho tare."

"Innalillahi! Garin yaya?"

"Garin akwatina."

Ya kashe wayar. Ƙofar kabad ɗin tana nan rataye da hinji ɗaya, mai ita kuma da yamma zai aiko a ɗauka. Malam Shiru ya miƙa hannun hagu, ya danne injinsa da gwiwa, ya zare batirin ya miƙo.

"Ƙarasa ƙofar nan mu tafi."

Auta ya karɓa. Batirin ba zafi, ba kumburi. Kafin ya ankara, hannunsa ya riga ya juya shi, babban yatsansa yana shafa gindin yana neman zane. Wurin sumul yake.

Ya ɗago, suka haɗa ido.

"Nawa ne," in ji Malam Shiru. "Ban yi masa alama ba."

Auta ya tura batirin a gindin injinsa. Ya shige da kansa, ba tare da an sa ƙarfi ba.