Shafukan da Ɓera Ya Ci

Ƙamus ɗin Turancin da ke shagon Mai Agogo a harafin V ya tsaya. Abin da ya biyo baya ɓera ya cinye shi tun da daɗewa, kuma babu ɓeran da ya taɓa yi wa ɗan Adam alheri irin wannan.

Kullum da yamma, in ciniki ya lafa, Mai Agogo yakan ture gawarwakin agogo gefe ya shimfiɗa allon wasan jera haruffa a kan teburin gilashi. Sai Tela, amininsa, ya tsallako daga shagonsa da zare maƙale a riga. Dokarsu mai sauƙi ce. Ka jera kalmar Turanci, in abokin wasa ya yi gardama a buɗe ƙamus. In kuwa kalmar ta faɗa yankin da ɓera ya ci, sai ka dafa ƙirji ka faɗi ma'anarta, shi ke nan an yarda.

To, haruffan da suka fi maki a can suke zaune. Nan Mai Agogo ya kafa gona. Da ya ga wasa zai kuɓuce masa, sai ya gyara tabarau, ya jera wata halitta mai farawa da Z ko W, ya dafa ƙirji ya ce sunan wani tsuntsu ne na ƙasashen sanyi, ko igiyar da ake ɗaure jirgin ruwa da ita. Tsuntsayen da ya ƙirƙira sun isa su cika daji. Tela bai taɓa cin sa ba.

Ba cin wasan ne ya fi masa daɗi ba. Autarsa, wadda ta fara aikin koyarwa kwanan nan, tun tana ƙarama take zama a bakin teburin tana kallon sa kamar shi ya haifi Turanci. Har yau in ta kawo ƙawaye gida sai ta ce, "Babana ƙamus ne mai tafiya." Wannan kallon shi ne abin da ya fi ƙauna a duniya.

Ran nan ya jera zarple kenan, ya dafa ƙirji ya ce ƙaramin cokali ne na ɗiban magani, sai ga Auta ta shigo da ƙunshi tana murmushi.

"Baba, ga tsarabar albashina na farko."

Ya kwance. Sabon ƙamus ne dal, mai kauri kamar bulo, kuma bayansa lafiya lau, babu ko cizo ɗaya.

"Allah ya yi miki albarka," in ji shi. "Bari a adana shi a gida, ƙura za ta ɓata shi."

"Haba Baba, a buɗe shi da kalmarka mana! Baba Tela, duba mana wannan da ya jera."

Tela ya karɓa, ya lashi yatsa, ya nufi ƙarshen littafin a hankali kamar mai zare ɗinki. Agogunan bango suna ta bugawa, gumi yana bin wuyan Mai Agogo. Tsoro ya kama shi sosai, ba na Tela ba, na fuskar yarinyar nan in ta ji.

Yatsan Tela ya gangara shafin, ya hau, ya sake gangarawa. Tela ya ɗago ya dubi amininsa ya daɗe.

"Akwai ta," ya ce. "Ga cokalin nan. Har ma da ma'ana ta biyu." Ya kai hanci kusa da takardar. "An ce, dattijon da aka san halinsa tun tuni, ake ƙyale shi saboda zumunci."

Auta ta tafa. "Kai, Turanci da faɗi yake! Mu gani."

Tela ya rufe littafin fap, ya ɗora a cinya ya danne da gwiwar hannu. "Sai an gama wasa, 'yata. Daga yau ni ne mai dubawa, idon babanki ya gaji da gyaran agogo."

Sannan ya kwashi haruffansa duka, ya jera wani dogon abu wanda ko Bature ya gani sai ya nemi tsari. Ya buɗe ƙamus, ko shafin bai kalla ba.

"Akwai. Sunan wani kifi ne. Ko kana da gardama, mu ba Auta ta duba mana su duka biyun?"

Mai Agogo ya dubi allon, ya dubi 'yarsa da ke jiran hukuncin masani. Ya dafa ƙirji.

"Na san kifin," ya ce. "Har na taɓa cin sa."