Jinin Kawu Barau

Leda biyu ta jini likita ya ce a nemo wa yayata Ummussalma kafin la'asar, don ta zubar da jini sosai wajen haihuwa. Mijinta Munzali ya ba da ɗaya, saura ɗaya. Mazan danginmu da suka cika mota daga Fagam zuwa asibitin Birnin Kudu kuwa, da jin zancen allura kowa ya tuno uzurinsa. Wannan azumin nafila yake yi, wancan ya tafi alwala bai dawo ba.

Sai Kawu Barau, ƙanen mahaifiyarmu, ya miƙe yana naɗe hannun riga, ya ɗaga murya yadda har masu jinya a ɗaya barandar za su ji.

"Ina mazan suke? A ɗebi leda uku ma! Jinina sabo ne fil."

Na san abin da yake nufi da sabo. Mako uku da suka wuce ya wuni yana cire wa shanun huɗarsa kaska, yana murje su da farce. Ɗaya ta kwana maƙale a hammatarsa. Zazzaɓi ya kayar da shi kwana tara, da ƙuraje har tafin hannu. Bai je asibiti ba. Wanzami ya kira ya yi masa ƙaho, aka nuna masa baƙin jini a ƙoƙo, aka ce dafin kaskar ke nan ya fita. Tun ranar yake yawo a gari kamar wanda aka sake haifa.

Na bi shi ɗakin ɗibar jini riƙe da takardu, aikin da digirina ya samo mini a dangi ke nan. Ma'aikaciyar, wata mai suna Nasiha, ta ɗauki biro.

"Baba, ka yi rashin lafiya kwanan nan?"

"Ni? Ko mura tsorona take ji."

A gidanmu ba a ƙaryata babba, balle kawu, balle a gaban baƙo. Ni kuwa ko a aji ban taɓa ɗaga hannu ba. Amma na tuna leɓɓan Ummussalma, fari fat kamar alli.

"Anti, ki duba ƙeyarsa," na ce, ina kallon takalmina.

Ta ɗaga hularsa. Ga tsagar ƙaho nan jere, ɓawon bai gama faɗuwa ba. Na faɗi sauran: kaskar, zazzaɓin, ƙurajen.

"Kin gani? An zuƙe mugun!" in ji Kawu. "Wanda ya rage tatacce ne."

"Baba, wanzaminka ya ɗebi ƙoƙo guda, sauran yana jikinka. Ba za mu ɗura wa mai jego ba. Sai likita ya duba ka, ka warke sarai, a ɗau watanni."

Ya juyo kaina. "Rufaida, bokon ke nan? Tonon silili?"

Na miƙa wa Nasiha hannuna. Ta gwada jinina, ya dace da na Ummussalma.

Ina kwance ledar na cika, na jiyo shi a baranda yana shaida wa mazajen nan cewa jininsa ne ya fi ƙarfin mace, shi ya sa aka ƙi. Masu azumi da alwala suna ta "Gaskiya ne, Malam."

Kafin magariba Ummussalma ta buɗe ido ta nemi kunu. Kawu ne ya fara shiga karɓar godiya.