Eriyar Waya da Hular Malam

Malamin kimiyya na ƙaramar sakandare mutum ne mai son hujja kamar ransa. Ko cewa ka yi yau ana zafi, sai ya tambaye ka da me ka auna. Amma akwai hujja guda da ya daɗe yana dannewa a ƙarƙashin hula: sanƙo gare shi, fes, tun daga goshi har ƙeya. Duk makarantar ba wanda ya san zancen sai ɗansa da ke aji biyu, shi kuwa tun a gida aka ja masa kunne. Malam yana tsoron dariyar yara fiye da tsoron shugaban makaranta.

Ran nan ya shiga aji biyu da batun muhawara. Kamfanin waya ya kafa doguwar eriya a bayan katangar makaranta, unguwa ta rabu biyu, wasu na cewa a tumɓuke ta, wasu na cewa a bar ta.

"Kowa ya faɗi ra'ayinsa, amma da dalili," in ji Malam, ya zauna a gefen tebur.

Wata yarinya a layin gaba ta ce a bar ta, don kafin a kafa ta sai yayarta ta hau tankin ruwa take samun sabis, har ta taɓa faɗawa ciki. Wani kuma ya ce a cire, don tun da aka kafa ta kazarsu ta daina ƙwai.

"Me ya sami kazar?" in ji Malam.

"An yanka ta, Malam. Amma a satin da aka kafa eriyar aka yanka ta."

Ana haka wani yaro da ake kira Rediyo, saboda bakinsa ba ya hutawa, ya miƙe ya gyara wando.

"Malam, ni na yi bincike. Eriyar nan sanƙo take sawa. Maigadinta yana da sanƙo. Mai facin taya da ke gindinta, sanƙo. Mai shagon da ke kallonta ma ya fara."

Malam ya ƙara danna hularsa, wai shi gyara ta yake yi.

Monitar ajin, yarinya mai natsuwa da ba ta barin magana ta wuce haka nan, ta ce kawunta yana da sanƙo, alhali garinsu ko sabis babu.

"Yana da waya a aljihu?" in ji Rediyo.

"Yana da ita."

"To ai ga shi nan."

Monita ba ta yarda ba. Ta ce abin da ya kamata shi ne a duba wanda ya fi kowa daɗewa kusa da eriyar. Aka leƙa ta taga. Ɗakin gwaje-gwaje ne manne da katangar, kuma kowa ya san mai wuni a ciki. Idanu suka dawo kan hula.

"Hula ba ta cikin darasin yau," in ji Malam.

"Ka yi haƙuri, Malam," in ji Monita cikin ladabi, "kai ka ce kada mu yarda da magana sai mun gani."

Malam ya dubi ƙofa, ya dubi yaran. Kunya ta kama shi ta kowane ɓangare, amma kunyar ƙaryata kansa ta fi ƙarfi. Ya cire hular ya ajiye a kan tebur.

Ba wanda ya yi dariya. Rediyo ne kawai ya matso, ya zagaya Malam yana gyaɗa kai kamar mai sayen kankana, sannan ya ce an gama muhawara. Wannan ya fi dariya ciwo a wurin Malam. Ga aji guda zai tafi gida da ƙarya, kuma da kansa aka kafa hujjarta.

Sai ɗansa ya miƙe daga layin baya.

"Ba eriya ba ce. Tun ina goye, kan Baba haka yake, ita kuwa bara aka kafa ta. Kakana ma haka yake, da ƙannen Baba gaba ɗaya. Gado ne."

Daɗi ya rufe Malam har ya manta kansa a buɗe yake. Yaron da kullum ake fama da shi kan aikin gida, yau ga shi ya raba gardama da hankali.

"Wato daga uba sai ɗa ke nan?" in ji Monita.

"Ƙwarai kuwa," in ji yaron da alfahari. Sai hannunsa ya tafi a hankali zuwa sumarsa, wadda yake ɓata wa rabin safiya a gaban madubi. Ya dubi kan ubansa da ke ƙyalli a ƙarƙashin fanka, ya daɗe yana kallo.

Ya ɗauki jakarsa, ya tsallaka aji, ya zauna kusa da Rediyo.

"Baba," in ji shi, "na sake tunani. A tumɓuke ta kawai."