Sukudireban Yaya

Kunnen Yaya ya fara mutuwa, amma da ka faɗa masa haka gara ka zage shi. Shi ke kaɗa bes a ƙungiyar ƙanensa mawaƙi, wato jitar nan mai kaurin murya da ke tallafe waƙa daga ƙasa. Tun gashinsa na baƙi yake tsayuwa jikin lasifika, har ta cinye masa ji.

Mutumin naka bai nufi asibiti ba, sai ya sayo sukudireba. A ƙarƙashin tsirkiyoyin jitar akwai maganaɗisu biyu masu ɗaukar sauti, in ka matso da su kusa da tsirkiya ƙara na ƙaruwa. Duk ranar gwajin kiɗa sai ya sa sukudireban ya ɗan murɗo su sama. Ya kuma daina shafa tsirkiya da tsokar yatsa, ya koma fizgarta da ƙarfi can wajen gindi. Shi dai yana jin kansa, hankalinsa kwance. Sauran kuwa kwaramniya kawai ke isa kunnensu, kamar ana jan tukunya a kan siminti.

Wata rana da hantsi a ɗakin gwaji, ana tsakiyar waƙa ƙanen ya tsayar da kiɗa.

"Yaya, don Allah miƙo jitar nan."

"Me ka ce?"

Mai ganga ya sunkuyar da kai. Ƙanen ya zo ya karɓe ta, ya kwantar a cinya, ya mayar da maganaɗisun ƙasa inda suke a da. Sannan ya matso dab da kunnen wansa.

"Masu gayyatarmu sun ce in nemo wani, ni kuma wallahi bakina ba zai iya sallamarka ba. Ka taɓa ta a hankali, Yaya, yadda ka saba."

Yaya ya rataya jitar. Ya kai hannu sama kusa da wuyanta, ya kwantar da yatsa, ya ja a hankali. Shiru. Bai ji komai ba sai rawar katakon jitar a jikin cikinsa. Tsoro ya kama shi, amma yatsun sun san hanya, sai ya kafa wa ƙafar mai ganga ido yana bin bugunta.

Can ya ga mai ganga na murmushi. Mai fiyano ya lumshe ido yana kaɗa kai. Ƙanen na waƙa, hawaye na bin kumatunsa. Nan Yaya ya gane muryar jitarsa ta dawo, ta cika ɗakin, kuma shi kaɗai ne ba ta zo wa ba. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Da aka kai ƙarshe ƙanen ya rungume shi, ya yi ihu a kunnensa.

"Ka ji ta, Yaya? Ka ji daɗinta?"

"Na ji, Auta," in ji shi. "A bar ta haka."